Babban babur na farko don doguwar tafiya daga Kano: wanne ya dace, me kuma za a duba?

Tambaya: Wani ɗan'uwa a nan Kano, wanda ya daɗe yana hawa Boxer da Jincheng a cikin gari, yana so ya sayi babban babur ƙirar kuruza a karon farko, irin mai sirdi ƙasa-ƙasa da ake zama a miƙe ƙafa, domin tafiye-tafiye zuwa Kaduna, Abuja, Katsina da Bauchi. An nuna masa Harley-Davidson 883, da Honda Shadow 750, da wani mai cc 1500, duka 'yan kwatano, an kuma ba shi labarin Honda Rebel 500. Yana tambaya wanne zai ɗauka, kuma me zai duba kafin ya ba da kuɗinsa.

Amsa:

Malam, mai cc 1500 ɗin nan ka bar shi tukuna. Harley ɗin ma ka ɗaga masa ƙafa. Zaɓinka yana tsakanin Shadow 750 da Rebel 500, sai Kawasaki Vulcan S mai cc 649 idan ka ci karo da mai kyau. Dalilin kuwa yana cikin hanyoyinmu, da man da muke sha, da zafin bazara, da irin bakaniken da za ka samu in abin ya tsaya maka a Kwanar Dangora ko Birnin Kudu.

Mu fara da nauyi, domin shi ke fara kayar da sabon shiga tun kafin gudu ya zo. Boxer ɗin da ka saba da shi yana tsakanin kilo 110 da 125. In ya karkata, ƙafa ɗaya ta isa ta tare shi. Rebel 500 kilo 190 ne da mai a ciki, Vulcan S kusan 230, Shadow 750 da Harley 883 wajen 250, masu cc 1500 kuwa suna haura 300. Babur mai kilo 300 in ya wuce wani mizani na karkata, babu ƙarfin da zai dawo da shi, sai dai ka sake shi ya kwanta. Kuma faɗuwar farko ba a kan babban titi take zuwa ba. A layin unguwa take zuwa, wajen juyawa a cikin yashi, ko a ƙofar gidan mai inda dizal ya zube, ko a cunkoson Kurna lokacin da mai adaidaita sahu ya tsaya maka kwatsam kan babur ɗinka yana a karkace. Saboda haka, kafin ka biya, ka hau, ka tabbata tafin ƙafafunka biyu sun zauna daram a ƙasa, sannan ka sauka ka tura shi baya da gaba a kashe. In ba ka iya tura shi baya a ɗan hawa kai kaɗai ba, ba naka ba ne a yanzu. Sirdin Rebel milimita 690 ne daga ƙasa, na Vulcan S 705, don haka ko gajere zai taka ƙasa.

Akwai wata gaskiya da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, kuma gara ka ji ta tun yanzu. An ƙera irin waɗannan babura ne domin shimfiɗaɗɗen titi. Tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 zuwa 14 ne kawai ga yawancinsu, shokar baya kuma gajera ce. Ta Harley Iron 883 ba ta kai santimita 5 na motsi ba. Ma'anarsa ita ce, tudun rage gudu irin wanda mutanen gari ke ginawa da kansu a bakin kasuwa zai iya dukan salansa ko ƙasan inji, ramin da Boxer zai haɗiye kuma a kuruza ƙashin bayanka ne zai karɓe shi. Abin ya fi muni ga wanda matakan ƙafarsa suke can gaba, domin ba za ka iya ɗaga jikinka daga sirdi ba idan rami ya taso. Nauyinka duka yana kan ƙugu. Matakan Rebel suna tsakiya, kusan ƙarƙashin gwiwa, kuma wannan kaɗai ya sa muke fifita shi ga mai bin hanyar da ake gyara ana karkatar da motoci. Vulcan S nasa a gaba suke, amma ana iya matsar da su wuri uku. Idan tafiyarka za ta haɗa da shiga ƙauye kan hanyar burji, to ƙirar kuruza gaba ɗaya ba ita ce ta dace ba, sai ka nemi mai dogayen ƙafa. In kuwa kwalta za ka bi, mu ci gaba.

Batun girman inji mutane suna zuzuta shi fiye da kima. Abin da kake bukata shi ne injin da zai riƙe kilomita 100 zuwa 110 a awa ba tare da yana kuka ba, kuma ya rage masa ƙarfin wuce tirela cikin daƙiƙa kaɗan kafin wata ta taso daga gaba. Rebel mai cc 471 da giya shida yana yin wannan a saukake. Shadow giyarsa biyar ce, yana da ja sosai a ƙasa, amma in ka wuce 120 za ka ji yana neman wata giyar da babu. Ƙananan irin su Royal Enfield Meteor 350 da Bajaj Avenger 220 suna da daɗin tuƙi, suna shan mai kaɗan, kuma sun fi tsawo daga ƙasa, wajen santimita 17. Sai dai jin daɗinsu yana tsayawa a 80 zuwa 95. Kano zuwa Katsina ko Dutse, ba laifi. Kano zuwa Abuja, fiye da kilomita 400 tsakanin tankoki da manyan motoci, za ka gaji kafin su gaji. Kada kuma sunan Bajaj ya sa ka ɗauka kayan Boxer za su shiga Avenger, injinsu daban ne.

Yanzu ga inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani sosai: me ke juya tayar baya. Hanya uku ce.

Ta farko cen, irin wanda ka sani. Rebel da Vulcan S da Meteor duk shi suke amfani da shi. Amfaninsa, kowane bakanike ya san shi, in ya tsinke ana iya haɗa shi a bakin hanya. Matsalarsa ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana haɗuwa da man da ke jikin cen ta zama abin da ke cinye haƙoran siforaket. Dole ka wanke shi da kananzir da buroshi mai laushi, ka shafa masa man cen duk bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma nan da nan bayan ruwan sama. Kada a wanke shi da fetur, domin cen ɗin manyan babura yana da ƙananan zobban roba da ke riƙe giris a ciki, fetur yana busar da su. Kada kuma a ɗaure shi tamau kamar yadda wasu ke yi wa Jincheng. Na Rebel ana barin wasan milimita 25 zuwa 35 a tsakiya. In aka matse shi, duk sanda shoka ta lotsa sai ya ja boris ɗin giya, kuma gyaran wannan sai an buɗe inji.

Ta biyu bel, wanda Harley da Vulcan 900 ke amfani da shi. Ba ya son mai, ba ya ƙara, yana daɗewa. Amma tsakuwa ɗaya in ta shiga tsakaninsa da haƙorin da yake bi za ta iya huda shi, kuma hanyoyin da ake aiki a kansu cike suke da tsakuwa. Bel in ya tsinke ba a haɗa shi. Tafiya ta ƙare ke nan sai an ɗora babur a mota, a jira sabo daga Legas ko waje.

Ta uku farfela, irin ta mota, a rufe cikin bututu. Ita ce a jikin Shadow Aero da Shadow Phantom, da Yamaha V-Star 650, da Suzuki Boulevard C50. Ƙura ba ta isa gare ta, ruwa ma haka. Abin da take so kawai a canza mata man giya mai lamba 80W-90 lokaci zuwa lokaci, ɗan kaɗan ne, bai kai kofi guda ba. Ga mai doguwar tafiya a Arewa wannan babbar ni'ima ce, shi ya sa Shadow ya shiga cikin zaɓinmu duk da nauyinsa. Lura dai cewa ba kowane Shadow ke da farfela ba, akwai tsofaffin da cen suke da shi, sai ka leƙa da idonka. In V-Star aka kawo maka, ka sa a cire tayar baya a duba haƙoran da farfelar ke shiga. Sananniyar matsalarsa ce su bushe babu giris su cinye.

Sai zafi. A Maris, Afrilu da Mayu, Kano tana haura maki 40. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, kamar na Harley 883 da V-Star 650, lafiya lau yake muddin kana tafiya. Amma a cunkoson Na'ibawa ko Unguwa Uku da tsakar rana, silindar baya da ke tsakanin cinyoyinka ba ta samun iska, za ta gasa ka, baƙin mai kuma ya tsinke. Shadow, Rebel da Vulcan S duk suna da lagireto da fanka. Nasu sharaɗin shi ne a zuba ruwan lagireto na gaske. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a cikin ƙananan hanyoyin, sannu a hankali su toshe. Wajen baƙin mai, ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, 10W-40 ko abin da littafin babur ya ce. Kulocin waɗannan babura na Japan a cikin baƙin mai yake wanka, kuma man mota na zamani yana da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Alamarsa, ka murɗa totur inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba. Littafin zai ce a canza mai bayan dogon zango, amma da ƙurarmu da zafinmu, kilomita 4,000 zuwa 5,000 ya fi kwanciyar hankali. Filtar iska kuma ka duba ta bayan kowace doguwar tafiya a hunturu.

Tanki da mai. Tankin Rebel lita 11 ne da ɗoriya, yana yin wajen kilomita 25 a lita, don haka ka ƙiyasta 250 kafin ka fara damuwa. Shadow da Vulcan S lita 14, suna yin 20 zuwa 22 a lita. Iron 883 lita 12 da rabi. Akwai wani Harley da ake kira Forty-Eight, tankinsa bai cika lita 8 ba, wannan ko kyauta aka ba ka bai dace da doguwar hanya ba. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, wato kusan tanki guda, amma kada ka taɓa lissafa haka. Ka sha mai a Zariya. Ƙa'idar ita ce in ya kai rabi ka cika a gidan mai babba da motoci ke yawan shiga, don kada ka kai ga 'yan bumburutu. Wannan ya fi muhimmanci ga mai injekta, irin Rebel, Vulcan S da sababbin Shadow. Famfon mansu a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, kuma datti ko ruwa a cikin fetur yana kashe shi ko ya toshe injekta. Tsohon Shadow mai kafireta ya fi haƙuri da gurɓataccen mai, kuma bakanike a Azare ko Funtuwa zai iya kwance kafireta ya wanke. Mai injekta ya fi tashi da wuri da safe, ya fi tsimin mai, amma in ya ƙi, sai mai na'urar gwaji. Kowanne da nasa. In za ka yawaita nisa da manyan garuruwa, kafireta ba abin raini ba ce. In ka sayi mai a galan dole, ka tace shi da tsaftataccen ƙyalle.

Taya ita ce abin da masu sayen kwatano suka fi sakaci da shi. Babur ɗin da ya zauna shekaru a garejin wani a Amurka zai zo da taya mai zane kamar sabuwa, amma robar ta ƙeƙashe. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida ka cire ta, ka kuma rage kuɗinta daga ciniki. Sannan ka dubi wilin. Mai sifok, kamar na Shadow Aero da V-Star Classic, yana da tiyub a ciki. In ƙusa ta shiga, iska tana fita nan take, kuma cire tayar baya ta babur mai kilo 250 marar jakin tsakiya a bakin hanya aiki ne ja, mai facin gefen titi ma bai saba da shi ba. Mai wilin gwangwani marar tiyub, kamar Rebel da Vulcan S, iskarsa a hankali take sauka, kuma da igiyar faci da ƙaramin famfo kai da kanka za ka toshe cikin minti goma. A nan Rebel ya rama abin da Shadow ya ci shi da shi a wajen farfela. Kafin ka saya, ka rubuta lambar tayoyin, misali 130/90-16 da 150/80-16 na Rebel, ko 160/80-15 na bayan Shadow, ka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ka tambaya. In babu, ka san daga ina za a kawo da kwana nawa. Haka za ka yi da filtar mai, fulogi, takalmin birki da wayar kuloci.

Ranar da za ka je dubawa, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, kuma ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa. Injin da ya gaji yana ɓoye aibinsa in ya yi zafi. Ya tashi da dannawa ɗaya ko biyu. Shuɗin hayaƙi ringi ne ko bawul. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar madara, ruwa na shiga daga gaskit, ka tafi abinka. Ka haska cikin tanki da tocila don ganin tsatsa. Ka sa mita a kan batir: a kashe ya nuna wajen 12.6, inji na aiki an ɗan ja totur ya nuna 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka ko sama da 15, rektifaya ko kwayil sun sami matsala, kuma manyan babura ba su da kik, batir in ya mutu shi ke nan. Ka bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta. Ka shafa sandunan shokar gaba da yatsa, in akwai maiƙo robarsu ta tafi. Ka tsuguna ta baya ka ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, ka dubi wuyan firam ko akwai sabon walda ko sabon fenti a wuri guda. Da yawan 'yan kwatano daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ake sayo su. Araha ba ta ado. Mitar na Amurka kuma mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. Lambar firam mai harafi 17 ta zama daidai da ta takardar kwastam, harafi da harafi, domin a hanyar Kaduna ko ta Katsina za a tambaye ka ita.

Kada ka zuba duk kuɗinka a kan babur. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar don tayoyi, batir, canza dukkan mai, da kayan jikinka. Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT, wadda ta kama kanka ba ta juyawa. Riga mai kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da baya, irin mai raga-raga da iska ke ratsawa, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da doguwar kaftani a naɗe su a jaka, in ka isa ka sa. Bakin riga in ya shiga cen ko wili a gudun 100 ba a ba da labari mai daɗi. Gilashin gaba yana rage gajiya ƙwarai, domin zaman kuruza yana sa ƙirjinka ya tare iska duka, amma tsawonsa ya tsaya daidai hancinka, ka riƙa kallon hanya ta samansa, tunda ƙura da ƙwari za su rufe shi. Kaya a raba su daidai a jakunkunan gefe biyu, mai nauyi a ƙasa, kuma kada jaka ta taɓa salansa. Yawancin baburan nan ba sa ɗaukar fiye da kilo 160 zuwa 200, har da kai a ciki.

Hannunka ma yana bukatar sabon koyo. Mai hawa Boxer ya saba da taka birkin baya kawai. A babban babur mafi yawan tsayuwa daga birkin gaba take, a matsa shi a hankali sannan a ƙara ƙarfi, tare da na baya. In ka samu mai ABS, wanda ke hana taya daskarewa, ya cancanci ƙarin kuɗin. Ka nemi fili da sassafe ka yi ta gwada tsayuwar gaggawa daga 40, sannan 60, da juyawa a hankali da rabin kuloci da birkin baya. Kada ka damƙi birkin gaba kan babur yana a karkace. In ya faɗi, ka kashe shi, ka sa giya, ka juya masa baya, ka dafa ƙugunka a sirdi, hannu ɗaya riƙe da kan babur, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu. A kwana kuma ka sani matakan ƙafarsa suna saurin gogar ƙasa, don haka a rage gudu tun kafin a shiga.

Tafiyar farko kada ta zama Abuja. Wudil ka dawo, sannan Bichi ko Kazaure, sannan Zariya, har jikinka ya san inda yake ciwo ka gyara sirdi ko hannu. Ka fita bayan asuba da gari ya waye, ka auna iskar taya tun tana da sanyi, ka tsaya duk awa ɗaya da rabi ka sha ruwa, ka kuma tsara yadda la'asar za ta same ka a masauki. Dare ba na mai babur ba ne, saboda ramuka, dabbobi, motocin da aka bari babu fitila, da yanayin tsaro. Lasisinka ya zama na babur, wato aji A, tare da lamba da inshora. Wasu jihohin Arewa suna sanya dokar hana hawa babur a wasu ƙananan hukumomi ko a wasu awanni saboda tsaro, kuma dokokin suna canzawa, don haka ka kira wani mazaunin garin da za ka ratsa kwana ɗaya kafin ka tashi. A jakarka kada a rasa sufanun da suka dace da notinan babur ɗinka, na Harley da inci ake auna yawancinsu, na Japan da milimita, sai filaya, sukurdireba, fis, fulogi, wayar kuloci, igiyar faci, famfo, rabin lita na baƙin mai, da mahaɗin cen guda ɗaya idan mai cen ka saya.